Da wane mudu ake auna yaƙi da jahilci?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya hana ni sukuni tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai warware mini. Shekara tara ke nan ina koyar da ajin matan aure a unguwarmu, kwana uku a mako, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Shekara biyu da suka wuce muka yaye mata ashirin da uku. Aka kafa rumfa, aka raba takardar shaida, kowacce ta ɗauki hoto da tata. Sunayensu suka shiga rahoton da aka tura sama, cewa sun fita daga jahilci.

To ranar Laraba sai ɗaya daga cikinsu ta aiko ɗanta da katin asibiti, wai in duba mata ranar da za ta koma awo. Rubutun ga shi ɓaro-ɓaro, rana da wata ne kawai. Jikina ya yi sanyi. Washegari na sami takarda na rubuta "Ki ba yaro magani sau uku a rana bayan ya ci abinci", na bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Na tarar da sha tara a gida. Shida suka karanta tiryan-tiryan. Biyar suka yi ta haɗa baƙi har suka kai ƙarshe da kyar, kuma da na tambaya sau nawa aka ce a ba yaron, biyu daga cikinsu ba su iya faɗa ba. Sauran takwas ɗin, ban da rubuta sunansu, babu abin da ya rage.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Amma a littafin hukuma har gobe su ashirin da uku ne masu karatu. In haka abin yake a kowane aji, alƙaluman da ake karanto mana duk ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, me suke aunawa?

Sadiya:
Wa alaikumus salam. Anti, wallahi kamar labarin mahaifiyata kike bayarwa. Takardarta tana nan cikin adaka a naɗe da leda, amma saƙon waya sai ta jira na dawo daga makaranta.

Dakta Bilkisu:
Malama, abin da kika yi da ƙafarki da takarda guda, shi ne abin da masana awon ilimi suka shafe shekaru suna roƙon gwamnatoci su yi. Hanya uku ake bi a samo waɗannan alƙaluma, kuma kowacce amsarta daban.

Akwai ta tambayar baki. Mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya ce da maigida, mutum nawa suka iya karatu da rubutu a gidan nan? Abin da aka faɗa masa shi zai rubuta, ba wanda ya buɗe littafi. Wane magidanci ne zai so ya ce a gaban baƙo shi bai iya ba? Akwai kuma ta ƙirga shekarun makaranta, a ce duk wanda ya kai aji kaza ya iya karatu, alhali duk mun san yara nawa ke gama firamare ba su iya haɗa baƙi ba. Sai ta miƙa wa mutum rubutu a ce bismillah.

Dubi yadda lambobin ke sauyawa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi a 2010 ya ce kashi 57.9 cikin ɗari na manya sun iya karatu da Turanci, amma in an ce da kowane harshe, sai ya tashi zuwa 71.6. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda ake miƙa wa mutum kati mai jimla a ce ya karanta, ya sami kashi 53 na mata da kashi 72 na maza, 'yan shekara 15 zuwa 49. Kuma ga abin da zai ba ki mamaki: a wannan lissafin, wadda ta karanta wani ɓangare na jimlar kawai, ita ma an sa ta cikin masu karatu. Wato matanki biyar ɗin nan, har da biyun da ba su gane sau nawa za a ba yaro magani ba, duk sun haye.

Kenya ta gwada abin sosai a 2006. Suka bi gida-gida da jarrabawar karatu da lissafi. Kashi 61.5 suka kai mafi ƙarancin matakin da ake nema, amma waɗanda suka kai matakin da ake so a ce mutum ya ƙware ba su kai kashi 30 ba. Mu har yau muna riƙe da mudun da ke raba mutane gida biyu kacal, mai karatu da jahili, alhali ke kanki a unguwa guda kin ga gida uku.

Kwamared Auwal:
Dakta, da girmamawa, ni ban yarda matsalarmu awo ba ce. Akuyar da ba a ba ta dusa ba, ko sau goma ka ɗora ta a sikeli ba za ta yi ƙiba ba. Na yi shekara huɗu ina koyar da ajin dare na 'yan kasuwa da masu faci. An taɓa shafe wata goma sha ɗaya ba a ba mu alawus ba, kuma kuɗin da kansa bai isa man babur na wata ba. Alli da kuɗina nake saye. Ranar da aka ce manya za su zo dubawa, sai a ce mu nemo mutane su cika benci. Yanzu a wannan hali za a kawo mana jarrabawar ƙasa? Kuɗin da ya kamata a biya malamai za a kwashe a ba masu buga takarda da masu taron bita a otal.

Ku duba tsarin ma. Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, shi ya sa ake ganin azuzuwan firamare da fenti. Hukumar ilimin manya ta ƙasa, NMEC, tun 1990 aka kafa ta, kusan kowace jiha tana da tata hukumar, amma ajin manya a ina yake zama? A aron ajin firamare bayan yara sun tashi, ko a zauren mai unguwa. A fara biyan malami tukuna.

Malama Hadiza:
Malam Auwal, zancen alawus kam kada ma a tono shi, ni ma ina bin bashi. Amma ka lura, matan nan nawa na koyar da su da gaske. Ba benci aka cika da su ba. Ranar da muka yaye su suna karatu. Abin ya zube ne daga baya, kuma ba wanda ya dawo ya duba. Ko da an biya ni ninki goma, da haka za ta faru.

Baba Sule Zariya:
Salamu alaikum. Jikana ne ke buga mini wannan, ni nake faɗa. 'Yata Hadiza, Allah ya yi miki albarka da kika bi su gida. Na yi aikin nan shekara talatin da ɗoriya kafin in yi ritaya, kuma abin da kika gani sunansa komawa, mun san shi tun da daɗewa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Ina yaro a shekarun 1950 aka kawo yaƙi da jahilci garinmu. Mahaifina yana cikin ajin farko, a ƙofar gidan dagaci, da fitilar ƙwai. A lokacin En'e ce ke riƙe da azuzuwan, hedkwatar aikin tana nan Zariya, kuma marigayi Malam Ahmadu Coomassie na Katsina yana cikin manyan da suka ja ragamarsa. Abin da mutane suka manta shi ne, waɗancan mutanen ba su tsaya ga aji ba. Sun san wanda ya koyi karatu in bai sami abin karantawa ba, zai koma inda ya fito. Shi ya sa aka kafa NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, tana buga ƙananan littattafai masu araha, a kan noma, da kiwon lafiya, da tarihin garuruwa, da labarai. Kusan kowane lardi da jaridarsa: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a nan wajenmu, Zumunta a Bauci. Ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Ranar kasuwa mai tallar littattafai zai baza su a tabarma. Mahaifina har ya rasu yana karanta wasiƙarsa da kansa, kuma ajin da ya yi bai fi na matanki tsawo ba. Bambancin, shi kullum akwai takarda a aljihunsa. A 1959 aka rufe NORLA, jaridun lardi suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Sai zamaninmu. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980, ita ce ta farko irinta a ƙasar nan, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin ƙasa baki ɗaya ranar 8 ga Satumba 1982, aka ce cikin shekara goma za a gama da jahilci. Mun yi aiki, Allah ya sani. Amma abin da ake tambayarmu a ƙarshen kowane zango shi ne, mutum nawa kuka rubuta, aji nawa kuka buɗe, takardar shaida nawa kuka raba. Ban taɓa cike fom ɗin da ya tambaye ni mutum nawa ke karatu bayan shekara biyu ba. Kuma ma'aikaci abin da ake tambayarsa shi yake kawowa.

Saboda haka Auwal ɗana, kana da gaskiya, Dakta ma tana da gaskiya. Sai dai ka sani, wanda ke riƙe da lalitar gwamnati ba ya sakin kuɗi a kan abin da rahoto ya ce yana tafiya lafiya lau.

Kwamared Auwal:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na ji wannan ta ƙarshen, ta shige ni. Amma ina nan a kan bakata game da 'yan otal.

Alaramma Nasiru:
Ni tun ɗazu ina karantawa, kalma ɗaya ce ke ci mini rai, ita ce jahilci. Mahaifina ya rubuta Alƙur'ani da ka sau biyu. Yana rubuta wasiƙa da ajami zuwa abokan cinikinsa har Agadas, bashin da yake bi da wanda ake bin sa duk a rubuce suke. Ranar da masu ƙidaya suka zo, aka tambaye shi aji nawa ya yi, ya ce bai yi boko ba, aka ja masa layi. Wannan mutumin ne jahili?

Kuma ba yau muka san ilimin manya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, wato mata jagororin koyarwa, ta ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna koyar da matan aure da tsofaffi, su ne 'Yan Taru. Awo kuwa, wa ya kai tsangaya? Yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam. Daga babbaƙu zuwa farfaru, kowane mataki sai an ji bakinka. Wanda ya sauke ma ba a ƙyale shi, sai ya yi ta tilawa, don an san karatu yana gudu. Abin da Malama ta gano a gidajen matanta, kowane gardi ya san shi.

A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, daga biyar zuwa hamsin. Dattawa da yawa a karkara wannan rubutun ne kaɗai suke karantawa a jikin kuɗin. In za a yi jarrabawar ƙasa, ni sharaɗina ɗaya ne: a buga ta da boko, a buga ta da ajami, mutum ya zaɓa.

Dakta Bilkisu:
Allah ya gafarta Malam, ina tare da kai a kan sharaɗin nan ɗari bisa ɗari. A fom ɗin binciken katin da na ambata akwai gurbi na musamman da ake cikewa idan babu kati a harshen da mutum ya iya, kuma wanda ya faɗa wannan gurbi ba ya shiga lissafin masu karatu. Duk mudun da ya bar mahaifinka a waje, mudun ne ke da tawaya.

Sai dai zan ƙara wani abu, ka yi mini afuwa. Karanta nassin da aka haddace daban, karanta rubutun da ba ka taɓa gani ba daban. Akwai almajiran da suka sauke, amma in ka rubuta musu saƙon Hausa da ajami a kan farashin taki, sai su tsaya. Akwai kuma irin mahaifinka, waɗanda alƙalami ke yi musu aikin yau da gobe. Jarrabawa da ajamin ce za ta bambance su. Kuma za ta nuna wa gwamnati cewa mai allo ya riga ya yi rabin tafiya: ya san riƙon alƙalami, ya san baƙi da wasali, ya saba zaman karatu. Bai kamata a zaunar da shi benci ɗaya da wanda bai taɓa ganin harafi ba, a ce su fara daga a, ba, ca tare. Da yawansu abin da ke korarsu daga aji ke nan.

Alaramma Nasiru:
Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma in za a tsara ta ajamin, a zauna da mu. Yadda Bakano ke rubuta wasu haruffa ba haka Basakkwace ke yi ba, kuma yawancinmu da rubutun Warshu muka tashi. Kada a ɗauko haruffan kwamfuta irin na ƙasashen Larabawa a ce dattijo ya karanta, in ya kasa a ce bai iya ba.

Isufu Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku ba ni wuri in faɗi namu na Nijar, don mun sha wannan ruwa. Tun farkon shekarun 1960 aka fara karatun manya a nan da harsunan ƙasa. Abin da dattawanmu ke tunawa da shi har yau shi ne zamanin gyaɗa. Manoma a yankin Maraɗi da Damagaram sun gaji da yadda ake cutarsu a sikeli, sai aka koya musu karanta nauyi da rubuta lissafi da Hausa, su riƙe kasuwar ƙungiyarsu da kansu. Wannan karatun bai gudu ba, domin duk kaka ana bukatarsa, kuma duk wanda ya yi kuskure aljihunsa zai gaya masa. An yi jaridun karkara su ma, irin su Ganga.

Wani abu da mai tsara jarrabawa daga birni ba zai sani ba: mu da dala muke ƙirga. Takardar da aka rubuta 500 a jikinta, dala ɗari muke ce mata. Tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli tana yin wannan lissafi a ka, ba ta kuskure. In ka ba ta jarrabawar da aka fassaro daga Faransanci, za ta faɗi, ka rubuta ba ta iya lissafi ba, alhali kai ne ba ka iya tambaya ba.

Sai maganar komawa da Baba ya yi. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, ana ce masa shirin ABC, ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar, wata mai bincike Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka ta bi sawunsa. Duka ƙauyukan an yi aji iri ɗaya, amma a rabinsu an ƙara koya wa mutane aiki da salula, su rubuta saƙo, su karanta lamba. Aka gwada su kafin a fara, aka gwada bayan an gama, aka sake komowa bayan watanni. Ƙauyukan salula suka fi maki a rubutu da lissafi, kuma da aka komo daga baya, ratar tana nan. Ba don an yi ta gwadawa ba, wa zai san haka?

Sai kuma shirin RAMAA, wanda cibiyar UNESCO ta birnin Hambug ta fara a 2011 da ƙasashe biyar: Nijar, Mali, Burkina Faso, Senegal da Maroko. Daga baya wasu suka shigo, har da Chadi da Kamaru. Manufarsa a auna abin da mutum ya fita da shi daga ajin manya, da ma'auni ɗaya. Ba na ce mun tsira ba, har yanzu muna cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin masu karatu a duniya. Amma Hausar Maraɗi da ta Katsina ɗaya ce. Me zai hana a yi takardar gwaji guda ta Hausa, ta yi aiki a ɓangarorin biyu?

Abdulkarim Kumasi:
Mu a Gana shirin gwamnati na karatun manya da aka faɗaɗa a farkon shekarun 1990 da harsuna goma sha biyar aka yi shi, irin su Tuwi da Ewe da Dagbani, malaman kuma 'yan sa kai ne, a ƙarshe a ba mutum keke ko keken ɗinki. Hausa ba ta cikin sha biyar ɗin, duk da ita ce harshen zango. Iyayenmu mata a makarantun dare na masallatai suka koyi abin da suka koya, kuma ba a rubuta su a ko'ina ba. In an yi ta Hausar nan, ku tuna da mu.

Hajiya Rabi:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗaliba ce ba malama ba. Ina da shekara hamsin da shida na shiga aji, bayan rasuwar maigidana, da na ga takardun gado sai an karanta mini. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, haka ne, amma kunya tana hanawa. Ranar da aka ce mana gobe akwai jarrabawa, mu talatin ne a aji, sha huɗu suka zo. Wata ƙawata ta ce ita da jikokinta ba za ta je wani yaro ya ja mata jan biro ba. Ba ta sake dawowa ba har yau. Ku masu ilimi in kuna tsara abinku ku tuna da wannan. Wannan saƙon ni na rubuta da hannuna, ya ɗauke ni tun azahar.

Sadiya:
Allahu akbar. Hajiya, Allah ya ƙara basira. Zan karanta wa Umma wannan yau da dare.

Dakta Bilkisu:
Hajiya, saƙonki ya fi duk abin da na rubuta a nan nauyi, kuma ya kai mu inda ya kamata. Abu biyu ne ake cakuɗawa.

Akwai jarrabawar neman takarda. Wannan ta mai so ce: matashin da ke son ya wuce zuwa ajin gaba da na farko, ya sami shaidar da ta yi daidai da ta firamare, ya shiga ƙaramar sakandare ko ya nemi aiki. Ita dole ta zama ɗaya a ƙasa, kuma kada malamin da ya koyar ya zama shi ne mai ba da maki. Indiya ta yi haka a shirinta na Saakshar Bharat da ta fara a 2009: hukumar karatu daga nesa ta ƙasar ce ke shirya jarrabawar, sau biyu a shekara, karatu da rubutu da lissafi, wanda bai ci ba ya sake zama.

Akwai kuma awon da ake yi don a san ko shirin yana aiki. Wannan ba ɗalibi ake aunawa ba, gwamnati ake aunawa. Ba ya bukatar zauren jarrabawa ko jan biro. A zaɓi gidaje kaɗan, mace ta shiga wurin mata, a zauna a tabarma, a miƙo katin asibiti, da rasit, da saƙon waya, da kwalin maganin feshi. Ba suna, ba wanda ya faɗi. Ƙawarki ba za ta ma ji an yi mata jarrabawa ba. Kuma Kwamared, irin wannan bai kai kuɗin taron bita biyu ba.

Tanzaniya ce misalin da nake yawan komawa gare shi. Shugabansu Julius Nyerere ya ayyana 1970 shekarar ilimin manya, suka yi jarrabawar ƙasa a 1975, 1977, 1981, 1983 da 1986. Ba ci da faɗuwa suka yi ba, mataki huɗu suka yi, sai wanda ya kai na uku ko na huɗu ake lissafa shi mai karatu, na ƙasa kuma a san inda ya tsaya a ci gaba da shi. Suka haɗa da jaridun karkara da ɗakunan karatu na ƙauye da shirye-shiryen rediyo. Zuwa 1986 marasa karatu sun sauko kusan kashi 10. Da tattalin arziki ya taɓarɓare aka yi sakaci da waɗannan, adadin ya sake hawa, kuma sun gane hakan ne domin suna da abin gwadawa.

Kwamared Auwal:
To Dakta, in a tabarma za a yi, na janye rabin adawata. Rabin da ya rage: wa zai riƙe sakamakon? In hukumar da ke gudanar da azuzuwan ita ce za ta auna kanta, mun koma gidan jiya. A ba Hukumar Ƙididdiga ko jami'o'i, akwai sassan ilimin manya a Bayero da Ibadan da Maiduguri, kuma a buga sakamakon kowace ƙaramar hukuma a fili, da Hausa, a karanta a rediyo. Sannan a fom ɗin a sa tambaya ɗaya: yaushe rabon da a biya malamin wannan aji?

Baba Sule Zariya:
Wannan tambaya ta ƙarshe a sa ta da manyan baƙaƙe. Amma ina jan kunnenku da abu guda, don na ga yadda ake yi. Ranar da aka ce za a hukunta malami ko jami'i saboda sakamakon ajinsa, ranar za a fara korar masu rauni daga rajista, a bar masu kaifin kai. Tsofaffi da matan da goyo ya yi wa yawa su za a fara zubarwa, su kuwa don su aka buɗe ajin. A auna inda mutum ya shigo da inda ya kai. Wadda ta zo ba ta san alif ba ta fita tana karanta lambar waya, malaminta ya yi aiki.

Hadiza, matan nan takwas, kin gaya musu abin da kika gani?

Malama Hadiza:
Ban gaya musu ba, Baba, na rasa ta inda zan fara. Amma jiya biyu daga cikinsu suka zo da kansu, suka ce tun ranar da na zo da takardar nan ba su ji daɗi ba, suna so su dawo. Na ce musu ranar Asabar, kuma kowacce ta zo da wayarta da duk wata takarda da ke ɗakinta, ko ta asibiti ce ko ta makarantar yara. Da su za mu yi karatun. Malam Isufu, shawarar salular nan na ɗauka: zan riƙa tura musu saƙo a rubuce kowace safiya, kuma na roƙe su kada su amsa da murya.

Dakta, in na rubuto jimloli goma daga mai sauƙi zuwa mai wuya, za ki duba mini jerin? Ina so in gwada su ranar farko, in ajiye, in sake bayan wata shida. Allah ya gafarta Malam, uku daga cikin takwas ɗin sun yi allo da nisa kafin aure, ko za ka juya mini jimlolin zuwa ajami?

Alaramma Nasiru:
Turo su. Da hannu zan rubuta, in ɗauki hoto in aiko miki kafin Juma'a in sha Allahu.

Dakta Bilkisu:
Turo, Malama. Ki sa guda biyu na lissafi a ciki, ɗaya ta canjin kuɗi, ɗaya ta ranar komawa asibiti. Kuma bayan kowace jimla ki yi tambaya ɗaya a kan ma'anarta, kamar yadda kika yi da ta maganin.

Baba Sule Zariya:
Akwai wani akwatin ƙarfe a ɗakina cike da ƙananan littattafan zamanin da, wasu na mahaifina ne. Asu ya taɓa kaɗan, sauran lafiya lau. In akwai mai zuwa wajenku daga Zariya cikin makon nan, a yi wa jikana magana ya kai masa tasha.